Haihuwar kwalba da gyaran gado: gardamar da ta raba coci, ta raba masana

Bari mu soma da wani dare a arewacin Ingila. Ran 25 ga watan Yuli na shekara ta 1978, ana dab da tsakar dare, likitocin asibitin garin Oldham suka yi ma wata mata aiki, suka fiddo ɗiya mace mai nauyin kilo 2 da giram 600. Aka raɗa mata suna Louise Brown. Jaririya ce kamar ta kowa, da kukanta da yatsunta goma, amma ba a taɓa haifuwar irinta ba, domin ba a cikin uwarta aka haɗa ta ba. Uwar ta yi shekara 9 tana neman haifuwa ba ta samu ba, saboda hanyoyin da ƙwai ke bi ya isa mahaifa sun toshe. Likita Patrick Steptoe ya ciro ƙwan, masani Robert Edwards da abokiyar aikinsu Jean Purdy suka haɗa shi da maniyyin mijin cikin wani ɗan mazubi na gilashi, da ya soma rarrabuwa aka maida shi mahaifa. Shi ne abin da jaridun lokacin suka laƙaba ma suna jaririn kwalba. Yau waɗanda aka haifa ta wannan hanya a duniya sun wuce miliyan 10.

Wanda bai bi labarin ba zai ɗauka cewa a ranar limaman coci sun tashi da tsinuwa, masana kuwa sun yi ta tafi. Ba haka aka yi ba. Hukumar da ke raba kuɗin binciken likitanci a Ingila ta hana ma Edwards da Steptoe tallafi tun 1971, kuma ba wa'azin wani limami ya sa ta ba: masana ƴan'uwansu ne suka ga abin da haɗari. A can Italiya kuwa, da aka tambayi Kadinal Albino Luciani na birnin Venise, sai ya yi ma jaririyar fatan alheri, ya nuna cewa ba shi da ikon hukunta iyayenta, ko da yake ya ji tsoron kada wata rana haifuwa ta koma aikin masana'anta. Wata guda bayan haifuwar Louise aka zaɓe shi Paparoma, shi ne Jean-Paul na 1, wanda ya yi kwana 33 kacal bisa kujerar.

Na kawo wannan ne don mu kauce ma wani kuskure tun daga farko. Ana yawan ba da labarin wannan gardama kamar kokowa ce tsakanin addini da ilimi. Alhali kuwa ta ratsa coci ta raba ta, ta kuma ratsa waɗanda ba su kafa hujja da addini ta raba su. A ganina, inda ya kamata a kafa ido shi ne iyakar da ke tsakanin yi ma mutum magani da zaɓen irin mutumin da za a bari ya zo duniya. Zan kuma nuna inda ita kanta wannan iyaka take ba ni wuya.

Cilas ne mu fahimci yadda aikin yake, don a nan tushen rigimar yake. A al'ada mace na sakin ƙwai guda a wata. Likita ba ya dogara da guda, tun da ba kowane ƙwai ke kamawa ba, ba kuma kowane tayi ke zama a mahaifa ba. Saboda haka ana yi ma mace allurai na kwanaki har ta nunar da ƙwai goma ko fiye, a ciro su, a haɗa su da maniyyi. Wasu su kama, wasu su lalace. Cikin waɗanda suka kama a ɗauki ɗaya ko biyu a dasa, sauran a daskarar da su cikin wani ruwa mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, inda za su iya yin shekaru ba su girma ba, ba su mutu ba. Tayin kwana 5 bai kai ƙwayar gero ba ko kusa, da ƙyar ido ke ganinsa. To, in ma'aurata sun samu ƴaƴan da suke so, me za a yi da sauran? Duk wanda ya shiga wannan gardama, limami ne ko alƙali, a kan wannan tambaya yake tuntuɓe.

Ɗariƙar Katolika ta ba da amsarta a rubuce a 1987, cikin wata takarda mai suna Donum Vitae, wato kyautar rai, wadda Kadinal Joseph Ratzinger ya sa ma hannu, shi ne wanda ya zama Paparoma Benoît na 16 daga baya. Takardar ta ce a girmama tayi kamar yadda ake girmama mutum tun daga lokacin da ƙwai da maniyyi suka haɗu, don haka ba a zubar da shi, ba a gwaji a kansa, ba a ajiye shi cikin ƙanƙara. Ta hana shigo da maniyyi ko ƙwai ko mahaifar wani na uku cikin aure. Sa'an nan ta ƙara wani abu wanda ya ba mutane da yawa mamaki: ko da ƙwan na matar ne, maniyyin na mijin ne, kuma ba a ɓata tayi ko ɗaya ba, duk da haka aikin bai halatta ba, domin ɗa ya cancanci ya samu asali daga saduwar iyayensa, ba daga hannun ma'aikaci ba. A wurin Vatikan ɗa kyauta ne, ba haƙƙi ba ne da wani zai ce sai an biya shi. Adalci ne mu faɗi cewa takardar ta umurci a karɓi duk yaron da aka haifa ta wannan hanya da ƙauna. Wata takardar ta 2008, Dignitas Personae, ta sake jaddada wannan matsayi.

Wannan hujja ta ƙarshe ba ta gamsar da ni ba. Matar da hanyar ƙwanta ta toshe, mara lafiya ce kamar wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, kuma babu wanda ya ce ma mai ciwon zuciya ya haƙura don jini bai bi hanyarsa ta asali ba. Miji da matar da suka kwashe shekaru suna jelen asibiti, suka sayar da abin hannunsu, suka jure allurai da jiran sakamako wata bayan wata, ba za a ce ɗansu ba ɗan ƙauna ba ne. Hukumar lafiya ta duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar rashin haifuwa a rayuwarsa. Kuma masana sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun matsalar namiji a ciki, ko da yake mace ce ake nuna ma yatsa. Wanda ya ga fim ɗin da ɗiyar Damagaram Aïcha Macky ta fitar a 2016 a kan matan da ba su samu haifuwa ba, ya san nauyin wannan yatsa. Mabiya Katolika da yawa sun bi hankalinsu a nan, har asibitin jami'ar Katolika ta Louvain a ƙasar Beljik na yin wannan aiki.

Hujjar farko kuwa, ta sauran tayin da aka ajiye, ba a ture ta da hannu ɗaya. Dokar Ingila ta farko ta ce kada ajiya ta wuce shekara 5 sai da yardar masu ita. Da wa'adin ya cika a farkon watan Agusta na 1996, asibitoci suka nemi iyaye da yawa suka rasa: wasu sun ƙaura, wasu sun rabu, wasu sun ƙi amsa wasiƙa. Aka narkar da tayi sama da 3000 aka zubar. Ba sai mutum ya yarda cewa kowane ɗayansu yaro ne ba kafin gabansa ya faɗi. Lokacin da aka ba Edwards lambar Nobel a 2010, shugaban cibiyar Vatikan mai kula da al'amuran rai ya soki zaɓen, yana nuni da waɗannan ma'ajiyoyi da kasuwar ƙwan mata da ta biyo baya. An yi masa ca a jaridu, amma kasuwar tana nan, kuma ba ɗiyan masu kuɗi ke sayar da ƙwansu ko ba da hayar mahaifarsu ba. Shi ya sa kiran da marigayi Paparoma François ya yi a watan Janairu na 2024, cewa a hana hayar mahaifa a duniya baki ɗaya, ya dace da ra'ayin ƙungiyoyin mata da dama waɗanda ba su taɓa zama inuwa ɗaya da coci ba, ya kuma dace da dokar Faransa, wadda ta hana abin tun 1994.

Kirista dai ba Katolika kaɗai ba ne. Furotestan ba su da Paparoma da zai yanke masu magana guda, kuma littafinsu cike yake da labarin matan da suka yi kukan rashin haifuwa, irin su Saratu da Rahila da Hannatu, don haka da yawansu na kallon likita a matsayin sanadi. Cocin Ingila ta amince da aikin tsakanin ma'aurata. Babban bishop na York, John Habgood, wanda ya yi karatun ilimin jikin ɗan Adam kafin ya zama limami, ya tsaya a majalisar dattawan Ingila yana goyon bayan a ba da damar bincike a kan tayin kwanakin farko, bisa hujjar cewa zama mutum abu ne mai zuwa a hankali, kamar wayewar gari.

A Amurka abin ya ɗauki wata kama. A 2020, cikin wani asibitin garin Mobile a jihar Alabama, wani majinyaci ya kutsa ɗakin ajiya, ya ɗauko wasu tayi, sanyin ya ƙone masa hannu, ya sake su suka faɗi ƙasa. Iyayen suka kai ƙara. A watan Fabrairu na 2024 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa tayin da ke cikin ƙanƙara yara ne a idon dokar diyyar kisan yaro, babban alƙalin kuma ya kafa hujja da Littafi Mai Tsarki. Nan da nan manyan asibitoci suka dakatar da aikin, don babu likitan da zai yarda a kama shi da laifin rai saboda mazubi ya suɓuce. Matan da ke tsakiyar allurai suka wayi gari an rufe masu ƙofa. Ba a cika mako uku ba, majalisar jihar, wadda ke cike da Kirista masu ra'ayin riƙau, ta yi dokar kare likitocin, gwamna ta sa hannu. A watan Yuni na shekarar, babban taron cocin Baftis ta kudancin Amurka, wadda ta fi kowace cocin Furotestan yawan mabiya a ƙasar, ya zartar da ƙuduri mai jan kunne a kan yawan tayin da ake haɗawa ana bari. Mutanen da ke zama bisa benci ɗaya ran Lahadi ke nan, amma wannan ya ja gabas, wannan ya ja yamma.

Mu juya ga ɗaya ɓangaren, wato hukumomi da masanan da ba su jingina hujjarsu ga wani littafin addini. Gwamnatin Ingila ta ɗora ma wata malamar falsafa, Mary Warnock, jagorancin wani kwamiti a 1982, ya miƙa rahotonsa a 1984. Kwamitin bai yi da'awar ya gano ranar da mutum ke zama mutum ba. Abin da ya yi shi ne shata iyaka: ana iya riƙe tayi a waje, ana iya bincike a kansa, amma kada a wuce kwana 14. Dalilin zaɓen wannan rana shi ne, a wajejenta ne alamar farko ta abin da zai zama laka da ƙwaƙwalwa ke bayyana, kuma kafin nan tayi guda na iya tsagewa ya zama tagwaye, don haka da wuya a ce mutum guda ne tabbatacce. Wannan ya shiga doka a 1990, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Faransa kuwa, bayan haifuwar jaririyar kwalbarta ta farko, Amandine, a Clamart cikin watan Fabrairu na 1982, shugaba Mitterrand ya kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar likitanci a 1983, ya zaunar da likitoci da masana shari'a da mutanen addinai a tebur guda. Kwamitin ya kira tayi mutum mai yiwuwa, wato bai kai mutum ba, bai kuma zama kaya ba.

Ina ganin hikima cikin wannan tawali'u. Hukumar da ke mulkin mai addini da marar addini ba ta da ikon ɗaukar aƙidar wani ta ɗora ma kowa, amma tana iya cewa: daga nan kada a wuce. Sai dai akwai abin da masu yabon dokar kwana 14 ba su cika son a tuna masu ba. Shekara 30 ana girmama iyakar a lokacin da babu wanda ke iya kaiwa gare ta, don tayi ba ya rayuwa a waje fiye da mako guda ko makamancin haka. A 2016 masana a Cambridge da New York suka riƙe shi har kwana 12 zuwa 13. Shekara 5 bayan haka, a 2021, babbar ƙungiyar masu wannan bincike ta duniya ta cire haramcin daga ƙa'idojinta, ta ce a riƙa duba kowane bincike da kansa. Dokokin Ingila da Faransa ba su gusa daga kwana 14 ba, amma limamin da ya ce shingen da aka kafa da yarjejeniya ana iya tsige shi da yarjejeniya, bai faɗi ƙarya ba.

Kuma ba limamai kaɗai ke faɗin haka ba. Jacques Testart, masanin da ya haɗa Amandine da hannunsa tare da likita René Frydman, ba mutumin coci ba ne, amma a 1986 ya shelanta cewa ba zai ci gaba da binciken da zai kai ga tace tayi ba. Tsoronsa shi ne, ranar da aka iya duba gadon tayi goma a zaɓi ɗaya, aikin ya tashi daga taimakon marasa haifuwa ya koma tankaɗe da rairaya. Bajamushen nan masanin falsafa Jürgen Habermas ya kawo wata hujja a 2001 wadda babu sunan Allah a cikinta: yaron da iyayensa suka tsara masa gado ba zai iya ɗaukar kansa mai rubuta tarihin rayuwarsa shi kaɗai ba, kuma ba shi da hanyar maida martani, tun da an yanke hukuncin kafin ya zo. A shekarar nan dai, wani masanin falsafa ɗan Ostareliya, Julian Savulescu, ya ce akasin haka: in iyaye na da tayi da yawa a gabansu, wajibi ne a kansu su zaɓi wanda ake sa ran zai fi jin daɗin rayuwa. Tazarar da ke tsakanin Habermas da Savulescu ta fi wadda ke tsakanin Habermas da Ratzinger.

Mai karatu na iya cewa wannan tsoro ya yi yawa. Tarihi ne ya haife shi. A farkon ƙarni na 20, manyan masana a Turai da Amurka sun yi imani cewa ana iya gyara irin ɗan Adam kamar yadda ake gyara irin shanu, ta hanyar hana waɗanda aka ce ba su cancanta ba haifuwa. A Amurka an yi ma mutane sama da 60,000 aikin kashe haifuwa bisa doka. A 1927 kotun ƙolin ƙasar ta halatta yi ma wata yarinya matalauciya, Carrie Buck, wannan aiki, alƙalai 8 suka amince, guda ɗaya ya ƙi, Pierce Butler, shi kuwa ɗan Katolika ne. A 1930 Paparoma Pie na 11 ya la'anci wannan siyasa a rubuce, a lokacin da wasu limaman Furotestan ke yi mata wa'azin goyon baya. Jamus ta Hitler ta yi dokarta a 1933, ta yi ma kimanin mutum 400,000. Suwidin, ƙasar da ake misali da ita wajen jin ƙan talaka, ta ci gaba da abin har tsakiyar shekarun 1970. A wancan karo masu digiri ne suka ɓata, cocin Katolika ce ta tsaya a kan gaskiya, kuma duk mai son yi mata dariya yau ya fara tuna wannan.

Amma tsayawa a kan gaskiya jiya ba ya ba mutum lasisin rubuta ma kowa doka yau. Italiya ta gwada. Dokarta ta 2004, wadda coci ta mara ma baya, ta ce kada a haɗa tayi fiye da 3, kuma duk wanda aka haɗa a dasa shi a lokaci guda, ba ajiya, ba ƙwai ko maniyyin wani. Da aka kira zaɓen raba gardama a 2005 don sassauta ta, shugabannin coci suka ce ma mabiya su zauna gida, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, zaɓen ya faɗi. Me ya biyo baya? Mace ta zama cilas ko ta ɗauki haɗarin cikin ƴan uku, ko ta sake shan allurai daga farko duk lokacin da dashe bai kama ba. Masu hali suka hau jirgi zuwa Ispaniya da Beljik, marasa hali suka zauna. Kotun tsarin mulki ta soke ƙa'idar tayi 3 a 2009, ta soke haramcin gudummawar ƙwai da maniyyi a 2014. Wannan darasi ne ga duk ma'aikacin da wata rana za a ce ya tsara irin wannan doka: haramcin da mai kuɗi ke tsallakewa da tikitin jirgi, a kan talaka kaɗai yake sauka.

Saura gyaran ƙwayoyin gado, kuma a nan ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato. A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana wata dabara mai suna CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi: tana neman wuri guda cikin rubutun gado ta yanke shi. Sun samu lambar Nobel a 2020. Gyaran iri biyu ne. Akwai wanda ake yi ma jikin majinyaci, ya tsaya a kansa, ya mutu da shi. Akwai kuma wanda ake yi ma tayi ko ƙwai ko maniyyi, wanda zai bi ƴaƴa da jikoki har abada. Takardar Vatikan ta 2008 ta halatta na farko in don magani ne, ta hana na biyu a halin da ilimi yake ciki. Yarjejeniyar Oviedo ta 1997, wadda ƙasashen Turai da dama suka sa ma hannu ba tare da ambaton addini ba, ita ma ta hana gyaran da ake nufin ya bi zuriya. Da wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya shelanta a watan Nuwamba na 2018 cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya taɓa ma gado tun suna tayi, wai don kare su daga sida, masanan duniya ne suka fara yi masa tofin Allah tsine, tun da yaran lafiyarsu lau kuma akwai hanyoyin kariya marasa haɗari. Kotun birnin Shenzhen ta ɗaure shi shekara 3 a ƙarshen 2019. Ba bishop ne ya ɗaure shi ba, gwamnatin kwaminis ce.

Yanzu ga inda na ce iyakar tawa tana ba ni wuya, kuma a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Magani na farko da aka amince da shi a duniya ta hanyar CRISPR, na amosanin jini ne, wanda muke ce ma sikila ko emasi. An ƙiyasta cewa a 2021 an haifi jarirai kimanin 500,000 da wannan ciwo, kusan kashi 80 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. In miji da mata duk suna ɗauke da rabin gadon, wato AS da AS, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da SS. Tun 1990 likitocin Landan suka nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwaya daga tayin kwalba a duba gadonsa kafin a dasa. Ma'auratan da suka binne ƴaƴa biyu saboda wannan ciwo na iya haɗa tayi, a duba, a dasa wanda ba SS ba. Vatikan ta ce wannan zaɓe ne, kuma gaskiya ne, zaɓe ne: ba a warkar da kowa ba, an ajiye wani an ɗauki wani. Duk da haka ba zan iya duban idon uwar da ta kwana tana riƙe da yaro yana ihun ciwon ƙashi in ce mata ita da mai neman ɗa dogo ko fari abu ɗaya suke nema ba. Coci-coci da dama a Najeriya na neman takardar gwajin jini kafin su ɗaura aure, su ma don kauce ma haifuwar SS. Niyyar ɗaya ce, lokacin ne ya bambanta, ko da yake ga wanda ya ɗauki tayi mutum ne cikakke, wannan bambancin lokaci shi ne kome. Abin da zan iya karewa shi ne a taƙaita irin wannan dubawa ga ciwo mai tsanani wanda aka san sunansa, a ƙarƙashin idon hukuma, kamar yadda Faransa ta yi, kada a bar ta ga son ran mai biya.

Shi kuwa sabon maganin, mai suna Casgevy, Ingila ta amince da shi a watan Nuwamba na 2023, Amurka a watan Disamba. Ana ɗiban ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a cikin uwarsa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje, sa'an nan a maida su. Paparoma bai hana ba, Habermas bai hana ba, babu tayin da aka taɓa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dalar Amurka miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum guda, wato sama da miliyar guda na kuɗin sefa. Takardun da aka rubuta a kan matsayin tayin kwana 5 sun cika ɗakunan karatu a Roma da Paris da Landan. Waɗanda aka rubuta a kan yaron Maraɗi ko Tawa da ke mutuwa kafin shekara 5 don rashin gwajin jini tun yana jariri, da rigakafi, da ƙwayar penisilin, ba su kai kusa ba. A nan ɓangarorin biyu duk suna da bashi.

Akwai kuma wani ƙulli a ƙarshen igiyar. Kafin a maida ƙwayoyin da aka gyara, sai an ba majinyaci wani magani mai ƙarfi da zai share tsohon ɓargonsa, kuma wannan magani na iya kashe haifuwa. Saboda haka likitoci kan shawarci budurwar da za a yi ma aikin da ta bari a ciro ƙwanta a daskarar tukuna. In ta warke, ta yi aure, ta so ɗa, hanyar da ta rage mata ita ce ta mazubin gilashin Oldham. In ƴar Katolika ce, cocinta ta halatta mata maganin da ya ceci ranta, ta kuma haramta mata hanyar da za ta maido abin da maganin ya ɗauke.